Nadroga: Shekara Uku Bayan Shigowar Talabijin

A ƙauyukan Fiji, idan an shimfiɗa tabarma an baza ƙyallen cin abinci a kanta, duk wanda ya gifta ta ƙofar gida sai an kira shi. "Mai kana," suke cewa da harshensu, wato zo mu ci. Gwaza ce da rogo da doya, ga kifi an dafa shi cikin madarar kwakwa, kuma mai gida ba ya jin ya sauke nauyin baƙo sai ya ga baƙon ya ci ya ture. A can, har zuwa farkon shekarun 1990, idan aka dubi mace aka ce ta yi ƙiba, yabo ne, kuma yabon ba a kanta kaɗai yake tsayawa ba, har danginta yake shafa. Jiki mai cika shaida ne cewa kana da masu kula da kai. Wanda ya fara ramewa kuwa, kafin a gama tambayar me ke damunsa, an fara tambayar wa ya yi sakaci da shi. Har suna gare su na wata cuta, macake, wadda babbar alamarta ita ce mutum ya daina jin sha'awar abinci, kuma akwai jiƙe-jiƙen gargajiya da ake ba mai ita don cikinsa ya buɗe.

Fiji tarin tsibirai ne sama da 300 a kudancin tekun Fasifik, ta samu 'yancin kai daga Birtaniya a 1970. Lardin Nadroga (su Nandronga suke furta shi) yana kudu maso yammacin babban tsibirin, Viti Levu, babban garinsa kuma Sigatoka. A nan ne wata Ba'amurkiya, Anne Becker, ta zauna da mutanen ƙauye tun shekarun 1980. Likitar ƙwaƙwalwa ce a Jami'ar Harvard, kuma masaniyar al'adun al'umma. Abin da ya kai ta tun farko shi ne ta fahimci yadda mutanen wurin ke kallon jiki, kuma abin da ta gano ya ba ta mamaki. Suna da siffar da suke ganin ta fi kyau, kamar kowace al'umma, amma ba ka ganin mutum ya tashi haiƙan yana sarrafa jikinsa don ya kai ga wannan siffar. Jikinka aikin jama'a ne, su ke ciyar da shi, su ke lura da shi, su ke shan kunya idan ya lalace. Zuwa tsakiyar shekarun 1990, mutum ɗaya tak aka taɓa ba da rahoton ya kamu da cutar ƙin cin abinci don tsoron ƙiba, wadda likitoci ke kira anoreksiya, a duk ƙasar.

Talabijin ya makara kafin ya iso Fiji. A 1991 aka fara watsa shirye-shirye na wucin gadi, saboda gasar cin kofin duniya ta zari-ruga, wasan da 'yan ƙasar ke mutuwar so. A 1994 aka kafa kamfanin talabijin na dindindin, sai a 1995 hoton ya kai Nadroga. A lokacin tasha ɗaya ce, babu wani latse-latsen neman wata. Abin da aka sa shi za ka kalla, kuma mafi yawan abin da ake sawa saye ne daga Amurka da Birtaniya da Ostireliya da Niyuzilan: Beverly Hills 90210, Melrose Place, Xena, da wani wasan asibiti na Niyuzilan mai suna Shortland Street. Wanda ba shi da akwati a gidansa yana da maƙwabci.

Samun irin wannan dama sai an dace. A yawancin ƙasashe ba yadda za a yi ka auna tasirin talabijin, domin ba ka da wanda bai taɓa kallo ba da za ka gwada da shi. Kamar ka ce za ka auna tasirin iska ne a kan masu numfashi. A Nadroga kuwa ga ranar da abin ya shigo a rubuce. Becker da abokan aikinta suka shiga makarantun sakandare biyu a 1995, makonni kaɗan da fara kama tashar, suka ba 'yan mata 63, 'yan asalin tsibirin, takardar tambayoyi. Matsakaicin shekarunsu 17. Takardar sananniya ce, EAT-26 ake ce mata, tambayoyi 26 ne kan yadda mutum ke ji game da abinci da nauyinsa: ko yana fargabar ƙiba, ko yana jin ya yi laifi bayan ya ci, ko yakan ƙi ci alhali yana jin yunwa. Wanda makinsa ya haura 20 ba a ce yana da cuta ba, amma ya shiga sahun waɗanda ya kamata likita ya duba. A 1998, bayan shekara uku, suka koma makarantun nan suka ba wasu 'yan mata 65 masu irin waɗancan shekaru takardar.

A 1995, kashi 12.7 cikin 100 ne suka haura makin 20. A 1998 sun kai kashi 29.2. Da aka tambaye su ko sun taɓa ƙaƙaro amai da gangan don kada su yi ƙiba, a 1995 babu ko ɗaya, a 1998 kashi 11.3 suka ce sun yi. Kashi 69 na 'yan 1998 sun ce sun taɓa rage cin abinci don su rame, kashi 74 kuma sun ce sukan ji jikinsu ya yi girma ko ya yi ƙiba da yawa. Gidajen da ke da talabijin sun tashi daga kashi 41 zuwa kashi 71, kuma yarinyar da ke da akwati a gidansu ta ninka wadda ba ta da shi sau uku wajen yiwuwar haura makin.

Ina ganin ya fi kyau a mayar da waɗannan alƙaluma kawunan mutane, domin kashi cikin ɗari yana da wata dabara ta kumbura abu. Kashi 12.7 na 63 yara takwas ne. Kashi 29.2 na 65 yara 19 ne. Masu aman nan kuwa wajen bakwai ne. Mutum zai iya taɓe baki ya ce ashe duk surutun nan a kan yara bakwai ake yi. Amma ka tuna a wane gari suke. Yarinya ce da ta tashi a gidan da barin abinci a kwano rashin kunya ne, ta zauna a bakin ƙyalle ta ci gwazarta da kifinta yadda uwarta za ta ji daɗi, sannan ta zaga baya ta sa yatsa a maƙogwaro. Wannan ɗabi'a ba ta da gurbi a wurin shekara uku da suka wuce. Wani abin lura kuma, jikin yaran bai sauya ba. A ma'aunin da likitoci ke haɗa nauyi da tsawo, wato BMI, 'yan 1995 da 'yan 1998 duk matsakaicinsu yana tsakanin 24 da 25, wanda bai fita daga iyakar lafiya ba. Nauyi yana nan inda yake. Idon da ke kallonsa ne ya sauya.

Abin da yaran suka faɗa da bakinsu

Da a kan alƙaluma binciken ya tsaya, da ba zai wuce wani ɗan rahoto da ƙura za ta binne ba. Abin da ya ba shi nauyi a wurina shi ne hirar da aka yi da 30 daga cikin 'yan matan 1998, ɗaya bayan ɗaya. Kashi 83 sun ce talabijin ya sauya yadda su ko ƙawayensu ke ji game da siffar jiki, kashi 77 sun ce nasu jikin ne kai tsaye ya shafa. Wannan kowa zai yi tsammaninsa. Wanda ba a yi tsammani ba shi ne dalilin da suka bayar. Kashi 40 sun ce suna son rage nauyi ne don su samu aiki mai kyau, ko su ƙara amfani a gida.

A nan gizo ke saƙar. Yawancin masu ba da wannan labari suna ba da shi ne kamar 'yan matan ƙauye ne marasa wayo, suka ga farar mace siririya a akwati, suka ruɗe. Ni ban karanta shi haka ba. Yaran nan suna zaune ne a daidai lokacin da rayuwar noma da kamun kifi ke janyewa, rayuwar albashi ke shigowa. Gaɓar tekun da ke kusa da Sigatoka tana cikin manyan wuraren yawon buɗe ido na ƙasar, otal-otal ne jere. Yarinyar da ta kai ajin ƙarshe na sakandare ta san cewa gonar da ta riƙe kakarta ba za ta biya mata buƙatun da take gani yanzu ba. Tambayar da ke cinta ita ce yaya ake zama macen da ke karɓar albashi, kuma wannan tambaya uwarta ba ta da amsarta, don ba ta bi ta hanyar ba. Sai ga akwati ya zo yana nuna mata irin waɗannan mata kowane dare. Ga su a ofis, ga su a asibiti da farar riga, ga su da mota da ɗakin kansu, suna magana ana saurare. Ta dube su da kyau tana neman abin da ya haɗa su. Takardun karatunsu ba ta gani. Dukiyar iyayensu ba ta gani. Abin da ido ke iya kamawa ɗaya ne, dukansu sirara ne.

Lissafin da ta yi ba na wauta ba ne. Kayan lissafin da aka ba ta ne gurɓatattu. Wani bincike da aka buga a 2003 ya ƙirga manyan 'yan wasa sama da 1,000 a shirye-shiryen dare na talabijin ɗin Amurka, ya tarar kashi 14 na matan ne kawai da kashi 24 na mazan ke da ƙiba, ƙasa da rabin yadda abin yake a titunan Amurka. Ba'amurkiya aƙalla tana iya leƙa taga ta ga cewa maƙwabtanta ba haka suke ba. Yarinyar Nadroga ba ta da wannan tagar. A wurinta abin da akwati ya nuna shi ne Amurka, kuma ba a gaya mata cewa an tace dubban mata kafin a zaɓi wannan ɗayar ba, balle a yi maganar fitila da kwalliya da mai horarwa.

Batun Xena ya fi komai tsaya mini a rai. Jaruma ce mai takobi, tana faɗa da maza tana kayar da su, kuma a Niyuzilan aka ɗauki wasan, maƙwabciyarsu. Wasu daga cikin yaran sun ambace ta a hirar, kuma abin da ya burge su shi ne ƙarfinta, da yadda take yin abin da aka saba cewa na maza ne. Wato abin da suka hango a jikinta 'yanci ne da iya tsayawa da ƙafa. Amma da suka zo fassara wannan sha'awa zuwa abin da za su iya aikatawa gobe da safe, sai ta koma rage loma. Takobi ba ya hannunsu, aikin ofis ba ya hannunsu tukuna, kwanon abinci ne kaɗai ke hannunsu.

Wannan ya jefa su tsakanin wuta biyu. A gida ana cewa ƙara, a makaranta ƙawaye na duban ƙugu. Wasu sun faɗa a hirar cewa iyayensu na son su ci fiye da yadda su suke so. Yarinyar da ba ta iya ce wa uwarta a'a a bakin ƙyalle, kuma ba ta son jikin da ƙyallen ke ginawa, hanyar da ta rage mata ita ce ta ɓoye. Ina zaton wannan ne ya sa amai ya bayyana, amma ba a samu ko yarinya ɗaya mai anoreksiya a cikin rukunin biyu ba. A gidan da kowa ke ƙirga lomarka, yunwar ganganci ba ta ɓoyuwa.

Inda binciken ke ɗingishi

An fara gabatar da sakamakon a watan Mayun 1999 a taron ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, jaridu suka yi caa a kansa. Alƙaluman da suka yaɗu a lokacin su ne masu amai sun tashi daga kashi 3 zuwa kashi 15. Da aka buga cikakken aikin a 2002 a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya, sai ga sifili da 11.3. Har yau duka biyun suna yawo a rubuce-rubuce, kowa na ɗauko wanda ya fara cin karo da shi.

Akwai kuma raunin da ke jikin aikin kansa. Yaran 1995 daban, yaran 1998 daban, ba mutum ɗaya aka bi aka ga yadda ya sauya ba. Adadinsu kaɗan ne, makarantu biyu ne kacal. Takardar tambayoyin a Kanada aka tsara ta, da Turanci aka ba su, kuma ko da yake da Turanci ake koyarwa a makarantunsu, kalma ɗaya tana iya ɗaukar kaya daban a kowace al'ada. Kashi 69 da kashi 74 ɗin nan da ake yawan ambatawa, a 1998 kawai aka yi tambayoyinsu, babu na 1995 da za a gwada su da shi. Sannan tun a 1995 gida huɗu cikin goma na da akwati, don haka ba za a ce yaran farko ba su taɓa ganin hoton waje ba.

Mafi girma duka, talabijin bai shigo shi kaɗai ba. Ya shigo tare da kuɗi, da abincin kanti, da zaman ofis. Becker ɗin dai ta auna manyan mata a wani ƙauyen Fiji a 1989 da 1998, ta tarar masu nauyin da ya wuce kima sun tashi daga kashi 60 zuwa kashi 84. Ƙasar tana cikin masu fama da ciwon suga sosai. Kenan maganar rage ƙiba tana da ƙofofin shiga kunnen yarinya ban da wasan kwaikwayo, kuma wasu ƙofofin ma na gaskiya ne. Masana na jayayya a kan girman tasirin hoto har yanzu. Wani nazari na 2008 da ya tattara bincike 77 ya ce tasirin yana nan, tsakanin ƙarami da matsakaici. Wani na 2013 ya ce bai taka kara ya karya ba sai ga matan da dama can ba su gamsu da jikinsu ba. Ni dai abin da na ɗauka daga Nadroga bai saɓa wa ko ɗaya ba: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sauyin tattalin arziki ne ya tsaga bangon. Amma ƙadangaren ma da gaske yake, kuma yaran sun kira sunansa da bakinsu.

Ina mazan?

Ba a ba yaro namiji ko ɗaya takardar ba, a 1995 ko a 1998. Haka ake yi a lokacin, damuwa da siffar jiki an ɗauke ta matsalar mata ce, ma'aunin ma don kama tsoron ƙiba aka ƙera shi. Namijin da ke kwana da baƙin cikin damtsensa bai cika ba zai amsa tambayoyi 26 ɗin nan ya fita fes, kamar ka ɗana tarkon tsuntsu ne a hanyar kifi.

A daidai waɗannan shekaru, wani likitan ƙwaƙwalwa na Harvard, Harrison Pope, yana bin ɗaya ɓangaren. A 1999 shi da abokan aikinsa suka auna 'yan tsanar sojoji da ake sayar wa yara maza a Amurka, irin su GI Joe, suka lissafa yadda za su kasance da mutane ne masu matsakaicin tsawo. Na farko-farko kaurin damtsensa wajen inci 12 ne, irin na kowa. Wani na ƙarshen shekarun 1990 ya haura inci 26, abin da ko zakarun gasar murɗa jiki ba su kai ba. A shekarar 2000 suka sa samari a Amurka da Faransa da Ostiriya su zaɓi jikin da suke buri a kwamfuta. A duka ƙasashen uku sun zaɓi wanda ya fi nasu tsoka da wajen kilo 13, kuma sun yi imani irinsa mata ke so. Da aka tambayi mata a wani ƙaramin gwaji, jikin namiji na yau da kullum suka nuna.

Samarin Fiji sai daga baya aka waiwaye su. Wasu masu bincike daga Jami'ar Deakin ta Ostireliya sun yi hira da samarin Fiji da na Tonga, suka buga a 2007. Su ma suna son ƙwanji, ba kaɗan ba. Amma dalilan da suka fi bayarwa su ne ƙarfi, da wasa, da aikin ƙarfi, da lafiya, da kwarjini a cikin tsara. A ƙasar da lambar zinariyarta ta farko a gasar Olamfik, a 2016, ta zari-ruga ce, wannan ba abin mamaki ba ne, kuma 'yan wasanta da dama suna cin abinci a ƙungiyoyin Faransa da Ingila da Ostireliya da Niyuzilan. Idan ka lura, labarin ɗaya ne da na 'yan matan. Saurayi ma jikinsa yake kallo a matsayin tikitin fita. Bambancin shi ne hoton da aka nuna masa ya zo daidai da abin da al'adarsa ke yabo tun asali, babban jiki mai ƙarfi, don haka idan ya ƙara loma uwarsa murna take yi. 'Yar'uwarsa kuwa hoton da aka nuna mata kishiyar na gida ne. Wannan ba ya nufin namiji ya tsira. Damuwarsa tana sanye ne da rigar motsa jiki, kuma wanda ya wuni yana ɗaga ƙarfe yabo yake sha, ko da abin da ke tura shi ciwo ne.

Akwai wata hanyar da maza ke shiga wannan lamari, wadda Nadroga ba ta auna ba amma aka auna ta a Nikaraguwa. Lynda Boothroyd ta Jami'ar Durham da abokan aikinta sun yi aiki a ƙauyuka bakwai na gaɓar Karebiyan, inda wutar lantarki ke shiga ƙauye bayan ƙauye, talabijin na biye da ita. Mutum 299 suka gwada, maza da mata, suna nuna musu hotunan jikin mata iri-iri. Waɗanda suka fi kallon talabijin sun fi zaɓar sirara, mazan da matan duka. Kenan akwatin ba madubin mace kaɗai yake gyara wa zama ba, har da idon wanda zai dube ta.

Komawa a 2007

Bayan shekara tara Becker ta dawo da babban aiki: 'yan mata 523, masu shekara 15 zuwa 20, daga makarantu da dama, wasu a gari wasu a ƙauyukan da talabijin bai wadata ba. A wannan karon an ƙara wata tambaya mai wayo. Bayan an tambayi yarinya awa nawa take kallo, da ko akwai akwati a gidansu, sai a tambaye ta ƙawayenta nawa ne ke da shi. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna cewa kallon ƙawaye yana da alaƙa da matsalar cin abincin yarinya, ko da an cire lissafin nata kallon, ko da an cire bambancin gari da ƙauye. Nata kallon ma, da aka haɗa komai a sikeli ɗaya, bai yi nauyin na ƙawayen ba.

Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Uba zai iya hana akwati shiga gidansa, ya kwanta da tunanin ya kare 'yarsa, alhali saƙon yana jiran ta a bakin aji. Ba sai ta ga 'yar wasan da idonta ba. Ya isa ƙawarta ta gani, ta dawo tana jan rigarta tana cewa ta yi ƙiba, alhali kuwa ta fi ta sirantaka. Tun a 1954 masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger ya rubuta cewa mutum yana auna kansa ne da waɗanda yake ganin tsararsa ne, kuma tauraruwar da ke Amurka ba tsarar kowa ba ce a Nadroga sai ranar da 'yar ajinku ta fara kwaikwayonta. A shekarar 2007 ɗin nan ce aka fitar da iPhone ta farko, Instagram kuwa sai 2010. Abin da aka gani a Fiji da tasha ɗaya, ƙawa tana ɗauko hoto tana kawowa da baki, shi ne daga baya aka ƙera masa na'ura, inda ƙawar ce da kanta ke cikin hoton, an tace an goge. A 2021, takardun cikin gida na Facebook, kamfanin da ya mallaki Instagram, da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar sun nuna binciken kamfanin da kansa ya tarar kashi 32 na 'yan mata matasa sun ce idan suna jin haushin jikinsu, Instagram na ƙara musu.

Amma alƙalamin da ya fi tayar da hankali a aikin 2007 wani ne daban. Fiye da kashi 40 na 'yan matan sun ce a cikin makonni huɗun da suka gabata sun yi wani abu na fitar da abinci daga ciki saboda nauyi. Da masu binciken suka rarrabe su, sai suka ga ba duka ne ke bin hanyar da littattafan likitancin Turai suka sani ba. Akwai rukuni guda babba da jiƙon gargajiya suke sha, na ganye da saiwa, mai wanke ciki. Irin wannan jiƙo ba baƙo ba ne a gidajen, yana cikin abin da iyaye suka gada don wanke cikin yaro idan ana zargin macake, a samu ya dawo da cin abinci. Babu wanda zai zargi yarinyar da aka gani da kofinsa, wani lokaci ma babba ne a gidan ya haɗa mata. Uwa ta dubi 'yarta ta ga tana tsakurar abinci, ta shiga damuwa, ta nemo ganye ta jiƙa ta tace ta miƙa mata don cikinta ya buɗe. 'Yar ta karɓa hannu biyu ta shanye tas, da nata lissafin a zuci.